Yadda Muka Zaɓa wa Ɗana Jami'a a Amurka, Tsakanin Tsere da Karatun Injiniya

Ɗana na fari ɗan tsere ne, gudun mita 400 yake yi, kuma tun yana aji huɗu na sakandare ya ƙudurta cewa injiniyan lantarki yake son zama. Muddin yana gabanmu a Kaduna waɗannan abubuwa biyu ba su taɓa cin karo ba, domin makaranta da safe take, atisaye kuma bayan La'asar a filin wasa na Ahmadu Bello, ni kuma da nake malamin lissafi ina duba littattafansa da dare. Sai da masu horarwa daga jami'o'in Amurka suka fara tuntuɓarsa a ƙarshen shekarar 2023 muka tarar da inda dole a auna ɗaya da ɗaya. Iyaye da dama sun tambaye ni yadda muka yi, kuma kusan dukkansu abu guda suke son ji, wato nawa aka ba shi, alhali kuwa ba kuɗin ne ya fi ba mu wuya ba.

Masu horarwa na Amurka ba sa aiki da labarin baka, ba sa kuma karɓar lokacin da aka ɗauka da agogon hannu, wanda shi aka fi amfani da shi a gasanninmu na jiha. Abin da suke dubawa shi ne lokacin da na'urar lantarki ta ɗauka a gasar da aka amince da ita, wanda yake hawa shafin hukumar guje-guje ta duniya da sunan ɗan wasa da shekarar haihuwarsa. Bayan ya kammala jarrabawar WAEC, kocinsa ya kai shi wata gasa ta ƙasa a kudu, ya yi gudu ƙasa da daƙiƙa 48, sunansa ya hau shafin, ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa ta Instagram da WhatsApp. Tun daga ranar farko muka kafa ƙa'ida cewa duk wanda ya rubuto sai ya sake rubutowa ta adireshin imel na jami'arsa, mu kuma mu nemo sunansa a jerin ma'aikatan sashen wasanni na makarantar. Wannan ƙa'ida ita ta raba mu da dillalai masu neman a biya su kafin su haɗa yaro da makaranta. Babu koci na gaskiya ko ɗaya da ya nemi kwabo a hannunmu.

Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa da yake aikin jinya a jihar Merilan ta Amurka, shi ya fara warware mana tsarin. Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ce babba a wasannin jami'o'i, kuma tun 1973 ta kasa makarantunta rukuni uku. Rukuni na ɗaya nan ne manyan jami'o'in da ake nunawa a talabijin suke, rukuni na biyu yana ba da tallafin wasanni amma da ƙaramin kasafi, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafi don wasa ko kaɗan, sai don ƙoƙarin karatu ko rashin hali. A gefe akwai hukumar NAIA ta ƙananan jami'o'i, da kuma NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. Kafin a yi maganar ko wacce, sai da ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, muka aika da sakamakon WAEC da takardun makinsa na shekarun sakandare. Suna neman darussa 16 na tushe, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, 2.2 ga na biyu, kuma tun farkon 2023 sun cire SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, daga sharuɗɗansu, ko da yake wasu jami'o'in suna neman ta don ba da gurbi. Sun kuma yi masa tambayoyi a kan duk kuɗin da ya taɓa karɓa saboda gudu.

Akwai sharaɗi ɗaya da nake so duk uban da yake Nijeriya ya riƙe, domin ya shafe mu fiye da yaran Amurka. Bayan gama sakandare ɗan tsere yana da sararin shekara ɗaya kacal, idan ya wuce ta bai shiga jami'a ba kuma yana ci gaba da shiga gasa, sai a fara zaftare masa shekarun da zai yi wa makaranta gudu. Idan kuma ya yi rajista a matsayin cikakken ɗalibi a wata jami'a, ko da a nan gida ne, lissafin shekarunsa ya fara ke nan. Yaranmu kuwa sun saba zaman jiran JAMB shekara ɗaya ko biyu ba tare da kowa ya ga aibu ba. Ɗana ya sami gurbin injiniya a wata jami'ar tarayya, muka zauna muka yanke cewa ba zai yi rajista ba sai an ga ƙarshen maganar Amurka, wato watan Agusta na 2024 ya zama iyakarmu. Wannan shawara ta yi mini nauyi ƙwarai, domin barin gurbin da ke hannu ba ƙaramin abu ba ne ga malamin makaranta, ko da yake yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 yana nan a ran kowa.

Daga cikin waɗanda suka rubuto, uku ne suka kai ga tayi a rubuce. Ta farko babbar jami'a ce ta rukuni na ɗaya a kudancin Amurka, inda yanayi yake da ɗumi, mai kocin da ya fitar da 'yan tseren da suka je gasar Olamfik. Ta biyu jami'ar jiha ce ta rukuni na biyu a wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, inda dusar ƙanƙara take rufe filin waje watanni da dama. Ta uku kwalejin shekara biyu ce, wadda ta yi alkawarin ɗaukar kuɗin karatu da ɗaki da abinci gaba ɗaya.

Maganar kuɗi ba ta daɗe ba, amma tana da sarƙaƙiya. A lokacin, dokar rukuni na ɗaya ta ba kowace jami'a damar raba abin da bai wuce cikakken tallafi 12.6 ba ga dukkan maza 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, ƙungiyar da takan kai mutum arba'in ko fiye, saboda haka koci yana yanka shi ne gunduwa-gunduwa, cikakken tallafi kuma sai ga wanda ake sa ran zai kawo maki a gasar ƙasa. Jami'ar farko ta ba shi fiye da rabi, da alkawarin baka cewa za a ƙara idan ya ci maki a gasar yankinsu. Ta biyu ta haɗa masa kashi biyu, ɗaya daga koci, ɗaya daga ofishin ɗaukar ɗalibai saboda sakamakonsa na WAEC. Da muka zauna da alƙalami muka ƙara inshorar lafiya da ake wajabta wa ɗaliban ƙasashen waje, da harajin kashi 14 cikin ɗari da ake cirewa daga ɓangaren tallafin da ya shafi ɗaki da abinci, da kuɗin jirgi, da zaman lokacin hutu, sai giɓin makarantun biyu ya zo kusa da juna. A watannin nan ne kuma dala ta haura naira 1,500, abin da ya sa ko giɓin dala dubu kaɗan ya fi ƙarfin albashina na shekara. Kawunsa ya ce, "Yaya, wannan ku bar mini, ku dai ku zaɓi inda ya dace da yaron." Allah ya saka masa da alheri, domin shi ya ba mu damar yin tunani a kan abin da ya fi kuɗi.

Kwalejin shekara biyu muka fara ajiyewa, duk da cewa ita ce ba ta neman komai daga gare mu. Hanya ce mai kyau ga yaron da makinsa bai kai ba ko wanda gudunsa yake buƙatar lokaci, kuma 'yan Afirka da yawa sun bi ta sun yi nasara. Amma ba ta da darussan lantarki na shekara ta biyu, kuma bayan shekara biyu sai an sake neman makaranta daga farko, ba tare da tabbacin cewa sabuwar za ta karɓi duk darussan da ya yi ba.

Sauran biyun su ne suka raba gidanmu. Kocinsa na Kaduna, wanda ya yi shekaru yana ɗawainiya da shi ba tare da an biya shi ba, yana bayan jami'ar farko da dukkan zuciyarsa, ɗana ma haka. Mahaifiyata da ta ji ana ta maganar gudu da karatu, sai ta ce taura biyu ba ta taunuwa, a bar gudun kawai. Ni ban yarda da ita ba a wannan, ban kuma yarda da koci ba tukuna, domin na ga cewa kowa yana magana ne a kan suna da hotuna, babu wanda ya ga yadda ranar Talata ɗaya za ta kasance ga yaron a can. Saboda haka na roƙi kowace makaranta abu biyu a rubuce, jadawalin atisayen 'yan gudun mita 400 na mako guda, da jadawalin darussan injiniyan lantarki na shekara huɗu tare da lokutan da aka koyar da su a zangon da ya wuce. Na biyun ma ba sai an roƙa ba, yana nan a shafin magatakardan kowace jami'a ga mai haƙurin nema.

A nan ne lamarin ya fito fili. Dokar NCAA ta ce a lokacin gasa kada atisaye da abin da ya danganci wasa su wuce awa 20 a mako, ko awa 4 a rana, kuma a ba da hutun kwana ɗaya. Wanda ya ji haka zai ce ai da sauƙi. Amma ba a lissafa tafiya zuwa gasa, ba a lissafa zaman ɗakin jinyar 'yan wasa kafin atisaye da bayansa, ba a lissafa abin da ake kira atisayen ganin dama, kuma ranar gasa awa 3 ake rubuta mata ko da yaro ya wuni a filin tun safe har dare. Binciken da hukumar da kanta take yi a tsakanin 'yan wasanta ya nuna cewa a rukuni na ɗaya abin yana wuce awa 30 a mako. Ɗan tsere kuma ba shi da zangon hutu na gaskiya, domin daga Satumba ake gina jiki, daga Janairu zuwa Maris gasar cikin ɗaki, daga Maris zuwa Yuni gasar waje, kuma yawancin gasannin Juma'a da Asabar ne, wato a tashi tun Alhamis.

A ɗaya gefen, doka ta ce ɗalibi ya ɗauki aƙalla awa 12 na darasi a mako a kowane zango kafin a bar shi ya yi wasa, amma digirin injiniya ba ya ƙarewa a shekara huɗu sai da 15 ko 16. Darussansa kuma sarƙa ne, ba a shiga wannan sai an ci wancan, wasu ma sau ɗaya ake koyar da su a shekara, ta yadda faɗuwa ɗaya ko saɓanin lokaci ɗaya yana iya jawo ƙarin shekara guda cur. Abin da ya fi komai shi ne aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda yakan ci awa uku a jere kuma ba a rama shi da karatun dare. A jami'ar farko atisayen 'yan gajeren zango daga ƙarfe biyu ne zuwa biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a, gwaje-gwajen shekara ta biyu da ta uku kuma kusan dukkansu a daidai wannan lokaci suke. Na ɗora takardun biyu a kan tebur na kira shi, ban ce masa komai ba, shi da kansa ya ja layi a inda suka haɗu.

Da muka kai wa mataimakin kocin wannan tambaya a hira ta bidiyo, bai ɓoye mana komai ba, kuma na girmama shi a kan haka. Ya ce babu wanda zai hana yaron rubuta injiniya a takardarsa, amma atisayen ƙungiya ba ya motsawa saboda mutum ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka fara da wannan fanni sukan koma wani a shekara ta biyu bisa shawarar masu ba su jagoranci. Muka buɗe shafin ƙungiyar, inda ake rubuta fannin kowane ɗan wasa a ƙarƙashin hotonsa, muka bi 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya. A cikin 'yan gajeren zango ba mu ga injiniya ko ɗaya ba, fannoni biyu ko uku ne suke ta maimaituwa. Ba na raina waɗannan fannoni, akwai masu son su kuma suna cin abinci da su, amma idan samari da yawa daga garuruwa da ƙasashe daban-daban suka taru a fanni guda, to jadawali ne ya zaɓa musu.

Dalilin haka ba mugunta ba ce, tsarin ne yake tura kowa can. A rukuni na ɗaya dole ɗan wasa ya kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar, idan ya gaza a dakatar da shi daga gasa, ƙungiyar kuma ta rasa maki a ma'aunin karatun da ake hukunta makarantu da shi. An kafa dokar ne don kare ɗalibai, amma sakamakonta shi ne mai ba da shawara da yake aiki a ƙarƙashin sashen wasanni ya fi samun kwanciyar hankali idan yaro yana fannin da ba a faɗuwa. Inda wannan hali yake kaiwa idan ba a tsawata ba an gan shi a Jami'ar Karolina ta Arewa, inda rahoton Kenneth Wainstein na 2014 ya nuna cewa tsakanin 1993 da 2011 ɗalibai kusan 3,100, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da ba a shiga aji, sai dai a miƙa takarda ɗaya a sami maki mai kyau. Alƙaluman kammala karatu da makarantu suke nunawa iyaye ma suna buƙatar lura, domin ma'aunin NCAA yana cire waɗanda suka bar makaranta ba tare da matsalar maki ba, kuma ba ya faɗin ko wane digiri aka kammala, balle ko shi ne wanda yaron ya zo nema.

Duk da haka, hujjar ɗana tana da ƙarfi, kuma ban ɗauke ta maganar ƙuruciya ba. Wata rana bayan sallar Isha'i ya ce mini, "Baba, karatu ana yin sa ko mutum ya kai shekara arba'in, amma gudu ba ya jira. Idan ban gwada kaina da waɗanda suka fi ni ba yanzu, har abada ba zan san iyakata ba." Gaskiya ya faɗa. Ɗan tsere yana ƙaruwa ne da abokan atisayen da suka fi shi, da koci masani, da likitocin da suke lura da tsokarsa kullum, kuma waɗannan duka jami'ar farko ta fi. Ya kawo mini Tobi Amusan, wadda ta tafi Jami'ar Teksas ta El Paso, ta ci gasar NCAA a 2017, sannan a 2022 ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100. Ni ma na kalli wannan gudu, na kuma san cewa da ta zauna gida da wuya ta kai can. Baiwa amana ce, kuma uban da ya binne baiwar ɗansa saboda tsoro bai yi adalci ba.

Abin da na sa a gabansa shi ne lissafin abin da yake bayan shekara huɗun. Alƙaluman NCAA sun nuna cewa waɗanda suke zama ƙwararrun 'yan wasa daga cikin ɗalibanta ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma tsere ba kamar ƙwallon kwando ba ne da ƙungiyoyi suke ɗiba da albashi, mai cin abinci da shi sai wanda kamfanin takalma ya ba kwangila, su kuwa ƙalilan ne a duniya. Damar samun kuɗin talla da aka buɗe wa 'yan wasan jami'a a Yulin 2021 ba ta amfani ɗan ƙasar waje sosai, domin bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da zai yi a cikin Amurka. Digirin injiniya kuwa yana ba shi izinin aikin horaswa na wata 12 bayan kammalawa, da ƙarin wata 24 da ake ba masu fannonin kimiyya da fasaha, idan ya dawo gida kuma yana da abin da zai kai wa COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Na kuma nuna masa cewa haɗa biyun ba tatsuniya ba ce: Emeka Okafor, ɗan wasan ƙwallon kwando, ya gama digirin harkar kuɗi a Jami'ar Konetikat cikin shekara uku, ya ci kofin ƙasa a 2004, aka ɗauke shi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na shekarar. Saboda haka tambayar ba ta ko a bar ɗaya ba ce, tambayar ita ce wace makaranta ta riga ta tsara yadda biyun za su zauna tare.

Da wannan tambaya muka koma kan jami'a ta biyu, kuma wannan karon ba koci kaɗai muka tuntuɓa ba. Kowace makarantar NCAA tana da malami guda daga cikin masu koyarwa da aka naɗa wakili a harkar wasanni, wanda ba ya ƙarƙashin koci. Na rubuta masa, na rubuta wa shugaban sashen lantarki, na kuma duba shafin hukumar ABET mai tantance darussan injiniya na tabbatar da cewa sashen yana cikin jerinta, domin sunan jami'a daban, amincewa da sashe daban. Shugaban sashen ya amsa da jadawalin wani ɗalibinsa ɗan tsere na shekara ta uku, an goge sunan, inda aka nuna ranakun da yake atisaye da safe saboda gwajin yamma. Kocin ya tabbatar da cewa yana raba atisaye kashi biyu a ranakun Talata da Alhamis tun shekaru, saboda kusan sulusin ƙungiyarsa 'yan injiniya da aikin jinya ne. Shafin ƙungiyar ya gaskata shi. Muka roƙi a haɗa ɗana da ɗalibi ɗaya da yake ƙungiyar da kuma ɗaya da ya bar ta, aka haɗa shi da duka biyun, kuma wanda ya bari ɗin ya ce rauni ne ya tsayar da shi, amma yana nan yana karatunsa.

Wannan ya kai mu ga karanta takardar tallafin layi-layi. Kason da ya fito daga koci na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi, kuma dole makaranta ta sanar da ɗalibi matsayinsa kafin 1 ga Yuli, yana da damar ɗaukaka ƙara ga kwamitin da ba na sashen wasanni ba. Kason da ya fito daga ofishin ɗaukar ɗalibai na shekara huɗu ne, sharaɗinsa kawai kada makinsa ya sauka ƙasa da 3.0. Ma'ana, idan tsokar bayan cinya ta tsinke, wadda ita ce annobar 'yan gajeren zango, ko koci ya tafi wani ya zo da nasa ra'ayi, akwai kason da ba ya hannun kowa sai shi da littafinsa. A jami'ar farko kuwa kowace dala ta ƙafarsa ce.

Mahaifiyarsa tambayarta daban ce, kuma ta dage sai an yi ta. Ta ce, "Malam, ka tambaye su azumi da Juma'a." Azumin 2024 ya kama a cikin Maris, daidai lokacin da ake kammala gasar cikin ɗaki ana shiga ta waje, kuma na shekarun da suke biye zai ci gaba da faɗawa cikin lokacin gasa. Makarantun biyu sun amsa da mutunci. Ta biyun ta ƙara da cewa akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi da suke sallar Juma'a a harabar makaranta, kuma ɗakin cin abinci yana ba da abin sahur a ɗauka tun dare.

Ba ni na yanke hukunci ba, ko da yake ya san inda na karkata. Na ce ya yi istihara, ya kuma je ya zauna da kocinsa su biyu, domin mutumin da ya gina shi yana da haƙƙin a saurare shi. Kocin bai sauya ra'ayi ba, har yau yana ganin an rage wa yaron wani abu, kuma ba na cewa ba shi da hujja. Amma ya gaya masa cewa agogon lantarki bai san rukuni ba, wanda ya yi gudu mai kyau a rukuni na biyu duniya za ta gani, kuma tun da aka buɗe rajistar sauya makaranta a 2018 ƙofar komawa babbar jami'a ba ta rufe ba. Bayan 'yan kwanaki ɗana ya same ni ya ce, "Baba, na zaɓi ta biyun." Ya sa hannu a watan Afrilu, ya kuma rubuta wa kocin jami'ar farko wasiƙar godiya da kansa.

Abin da ya rage aikin takardu ne. Makaranta ta aiko da takardar I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, bayan mun nuna shaidar kuɗin shekarar farko da wasiƙar ɗaukar nauyi daga kawunsa, muka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na biza, ya je ganawa a ofishin jakadanci a Abuja da takardunsa na makaranta da na gudu. Ya tashi a farkon Agusta.

Shekarar farko ba ta zo da sauƙi ba. Sanyi ya ba shi wuya, gudun cikin ɗaki a kan da'irar mita 200 mai lanƙwasa sabon abu ne gare shi, kuma a ƙungiyar mutum ɗaya ne kawai yake iya matsa masa a atisaye, abin da kocinsa na Kaduna ya hango tun farko. Lokacinsa ya ragu, amma ba kamar yadda yake buri ba. Ya shiga tawagar tseren miƙa sanda ta mutum huɗu, sun kai gasar ƙasa ta rukuninsu, ya rubuta jarrabawar lissafi ɗaya a otal a gaban wakilin makaranta saboda ta faɗo ranar tafiya. Makinsa ya tsaya sama da abin da tallafin yake nema, an kuma sabunta masa kason koci da ɗan ƙari. Yanzu yana darussan da'irar lantarki, ranar Talata da Alhamis yana atisaye ƙarfe shida na safe tare da 'yan aikin jinya, ƙarfe biyu kuma yana ɗakin gwaji. Maganar sauya makaranta ta taso sau ɗaya a hutun bazara, na ce masa idan ya ga wadda yake so ya fara aiko mini da jadawalinta na atisaye da na darasi, mu duba tare kamar yadda muka yi a baya.